In An Aiko Ka Ɗorawar Jatau da Igiyar Awo

Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sauke ka birni lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin bakinka, don wannan na ƙarshen a wurina ka gaje shi. Babanka yana gaishe ka. Ya ce in gaya maka ka riƙe salla, ka rage barci. Nasa wa'azin ke nan ya ƙare. Ni kuwa ka san ba a rabuwa da ni da wuri, sai ka gyara zama.

Na cusa takardar a buhunka, ƙarƙashin ƙullin daddawa, don na san nan hannunka zai fara zuwa. In ta ɗauki wari ka yi haƙuri. Rubutun ma ka yi haƙuri da shi, na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma na shiga ajin da furfurata.

Maganar da ta sa na zauna rubutu ita ce wannan. Ma'aikatar da ta ɗauke ka aiki, ta masu awon ƙasa, ita ce ta taɓa zuwa za ta tashe mu daga Ɗorawar Jatau lokacin kana goye a bayana. Tun kaka kuma ake raɗe-raɗi a kasuwar Tsanyawa cewa za su dawo, wai wani babban aikin gona za a shimfiɗa daga bakin titi har zuwa kwarinmu. Ban sani ba ko gaskiya ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ga shi ɗana zai shiga cikinsu da sabuwar rigarsa. Na yi murna da aikin nan, wallahi na yi, har guɗa na rangaɗa. Sai dai ina so ka san abin da ya faru wancan karon daga bakina, da shirmen da na tafka a ciki, kafin wani ya karanta maka nasu labarin.

Ka san mu, amma sanin yaro ka yi mana. Kakanmu Jatau Bamaguje ne, shi ya sare dajin nan. Zuriyarsa sun musulunta tun kafin a haifi babanka, amma irin zamanmu bai canja ba. Kowane gida yana tsakiyar gonarsa, uba da 'ya'yansa da jikokinsa cikin danga ɗaya. Takin awaki da tokar murhu daga ƙofar gida sai gona, shi ya sa ƙasarmu ba ta taɓa neman hutu ba. Mace tana da gayaunarta, tana nomawa da hannunta, abin da ta samu nata ne. Itatuwan ɗorawa kuma na mata ne, uwa ke bar wa 'ya, ko da itacen a gonar wani yake tsaye. Muna da Sarkin Nomanmu mai raba mana gardama, lokacin Baba Gambo ne. Mutanen gari suna ce mana jikokin arna, wai matanmu ba kulle. Mu ma muna da abin da muke ce musu, amma ba zan rubuta ba.

To, sai shekarun fari suka zo. Gero ya bushe a tsaye, rijiyarmu ta koma laka, jakin babanka ya tafi kasuwa bai dawo ba. Garin ɗorawa da tafasa suka riƙe mu. Ana cikin haka wani jami'i ya zo a mota, aka tara mu a ƙofar dagaci. Ya ce gwamnati ta tausaya mana. Za a kwashe mu daga gonaki a tattara mu a bakin titi, a sabon gari mai layi-layi, da famfo da makaranta da ɗakin shan magani. Gonakinmu za a haɗe su wuri ɗaya tarakta ta riƙa nomewa. Hatsin agaji kuma sai wanda ya karɓi fili a sabon garin. Ya rufe da cewa, "Za ku zama mutane kamar kowa."

Baba Gambo ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, to da can mu mene ne?"

Aka yi dariya har da dogarin dagaci. Jami'in bai yi ba.

Kuskurena na farko, ni ce na fara ɗaure kaya. Duk jawabin nan kalma ɗaya ta shiga kunnena, famfo. Ka tuna ina da goyo, ga yayyenka biyu, ga tulu, ga tafiyar neman ruwa da ba ta ƙarewa. Na tasa babanka gaba, safe da yamma: "Malam, mutane za su kwashe filaye masu kyau mu tashi a na bayan gari." Shi kuwa ka san shi, "Bari mu gani" ce amsarsa ko gobara ake yi. Da na gaji sai na ja Talatu, matar wan babanka, wadda kuke kira Iya, muka tafi mu ga Layin da idonmu. Haka muke kiran wurin, Layi, har yau.

Muka tarar da wani mai gadi yana zaune a inuwar bulo. Ya nuna mana fili ɗaya. Na dube shi, na sake dubawa.

Na ce, "Malam, ina za a ɗaure awaki?"

Ya ce, "Ai ba a kiwo a Layi, baiwar Allah."

"Rumbu fa?"

"Hatsi a buhu ake sa shi, a jingine a ɗaki."

"To in na tashi zuwa gayaunata, ta ina ne hanya?"

Sai ya kwashe da dariya. "Wace gayauna kuma? A gari matar aure ba ta fita gona. Hutu ne ya zo muku, ku gode wa Allah."

Mutumin kirki ne, kuma mai surutu kamata, don haka bai tsaya nan ba. Ya ce filayen ƙuri'a za a yi, a gauraya mu da mutanen gari, wa ya faɗa gabas ƙane ya faɗa yamma. Ya ce babu sauran Sarkin Noma, mai unguwa za a naɗa mana daga cikin gari. Sunan Ɗorawar Jatau ma ba zai bi mu ba. Ɗorawar kanta sare ta za a yi, don tarakta ba ta iya kewaye itace. Itace uku uwata ta bar mini, kuma su ne suka hana ku mutuwa a shekarar.

Salisu, duk wanda ya zo maka da kyauta a hannun dama, ka leƙa ka ga abin da hagunsa ta zo ɗauka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma kwaɗayin mai ƙishirwa ya fi na kowa saurin buɗe ta. In kuma kai ne aka aika da kyautar, ka faɗa wa mutane duka biyun, abin da za a ba su da abin da za a karɓe, tun kafin su tambaya. Mai gadin nan ya fi jami'in amfani a wurina. Da muka dawo gida na kwance kayana shiru, babanka yana kallona da murmushin nan nasa mai ban haushi.

Kuskure na biyu ya fi daɗin ba da labari. Ka san ni ba na zama a tsakiya. Jiya ina kan gaba wajen tafiya, yau na zama kan gaba wajen faɗa. Masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan fenti da fari, layi ɗaya ya ratsa ta tsakiyar gayaunata ya wuce ta gindin babbar ɗorawata. Baba Gambo ya aika gida-gida cewa kada kowa ya taɓa su. Ni kuwa na ce tsufa ne ya sa shi tsoro. Da hantsi, kowa yana gani, na bi layin nan na tumɓuke na gayaunata, na haɗa da na maƙwabta don ladan ya yi yawa, na ɗauro su a ka. Itace ya yi wuya a lokacin, ga busassun katako sun zo har gida. Na hura wuta na tuƙa tuwo.

Tuwon nan ba wanda ya iya cin sa. Warin fenti ya kama shi, ya kama miya, ya kama tukunya har sai da na yi ta dirza da toka. A shekarar yunwa na ɓata garin tuwo da hannuna. Wannan kaɗai ya isa hukunci, amma bai tsaya nan ba. Aka zo aka tafi da babanka da Baba Gambo, aka kulle su a bayan kanta, don a wurin hukuma mace ba ta laifi sai da sanin mijinta. Jami'in kuma ya samu abin da yake nema. Ya riƙa faɗa a ko'ina cewa ga irin mutanen da ake magana, ba sa jin doka, dole a tattara su a koya musu zama.

Da aka sako su, na je gaishe da Baba Gambo ina sunkuyar da kai. Tsohon nan ya kalle ni ya ce, "Ladi, an ce tuwon bai yi daɗi ba." Na ce bai yi ba, Baba. Ya ce, "To ni ma inda na kwana bai yi daɗi ba. Kin ga mun yi kunnen doki. Gobe in za ki yi yaƙi, ki fara zuwa ki tambaya ina aka tsaya." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa son mutum kamar yadda na so tsohon nan a lokacin ba.

Abin da nake so ka ɗauka shi ne, fushi yana da daɗi a baki, amma sau da yawa wani ne ke biyan kuɗin sa, kuma wanda kake faɗa da shi ne ke cin ribar. A ofis za a ɓata maka rai. Za a tambaye ka garinku, ka faɗa, wani ya taɓe baki. Kada ka ba shi abin da zai kafa hujja da shi. Ka faɗi sunan garinku da ƙarfi yadda na ƙarshen ɗaki zai ji, sannan ka yi aikinka ya fi nasa kyau. Turakun kuwa washegari masu awo suka kafa sababbi, har sun fi na farko kauri.

Na uku shi ne wanda har yanzu in na tuna nake jin nauyi. Yunwa ta ci gaba, kuma Talatu 'ya'yanta sun fi nawa yawa. Wata safiya ita da mijinta suka ɗora kaya a amalanke suka koma Layi, suka karɓi fili da hatsin agaji. Wasu gidaje suka bi su. Ni da na ja ta zuwa ganin wurin, ni ce kuma na fi kowa zaginta. Na ce ta sayar da kakanninta da jar dawa. Ta haihu a can, na ƙi zuwa suna. In mun haɗu a kasuwa sai in juya ina taya barkonon da ba ni da niyyar saye.

Ita kuwa ba ta biye mini ba. Ranar wata kasuwa ta tare ni a rumfar masu gishiri, ta dangwarar mini da ƙullin dawa a cikin kwandona. Na ce ba na so. Ta ce, "Ba ke na ba, yaron da ke bayanki na ba. Dube shi, wuya kamar na ɗan tsako. Ki yi fushinki ke kaɗai, Ladi, shi bai san Layi ba." Kai ke nan ake nufi. Na ɗauki kwandona da dawar a ciki na koma gida. Kunun dawar nan ka sha har ka fara tafiya.

Ba a daɗe ba ta nuna mini ta fi ni hankali a karo na biyu. Aka ce za a yi zaɓen kansila, kuma rediyo ta ce wannan karon har mata za su jefa ƙuri'a, abin da ba mu taɓa yi ba. Mutanen gari suka tsayar da wani attajiri wanda yake goyon bayan a ƙarasa kwashe mu. Baba Gambo ya tara mu a gindin ɗorawa, maza da mata, ya ce ya lura gwamnati ba ta jin kukan da aka yi a gona, sai wanda aka yi a kan kujera, don haka mu ma mu nemi kujerar. Aka tsayar da ɗansa Malam Idi, tela ne a kasuwar Tsanyawa. Maza suka ƙirga kansu suka ga ba su kai rabin mazan gari ba, jikinsu ya yi sanyi.

Talatu ce ta miƙe, ta zo daga Layi takanas. Ta ce, "Ku kuna ƙirga maza. Mazan gari sun rantse matansu ba za su fito su yi layi a rana ba. Mu kuwa yaushe rana ta taɓa hana mu fita?" Aka fashe da dariya. Abin da ake yi mana gori da shi shekara da shekaru, shi ne ya zama makaminmu.

Ba ta tsaya nan ba. Da yake tana zaune a cikin mutanen gari, tana shiga gidajen gari da tallan daddawa har ƙuryar ɗaki. Duk gidan da ta shiga sai ta ce, "Ku saya ku adana, ta kusa ƙarewa. Za a sare ɗorawa." Tsofaffin matan gari suka ce a sare me? Da me za a kaɗa miya? Waɗannan ba mai iya kulle su, ko 'ya'yansu tsoron su suke ji. Ranar zaɓe muka fito daga gonaki da fartanya a kafaɗa, masu goyo da masu ciki da masu sanda, har wata tsohuwa aka ɗauko a jaki. Mutanenmu na Layi suka fito gaba ɗaya, tsofaffin gari suka biyo su suna mita. Layin mata ya miƙe har ya zagaye makaranta. Malam Idi ya ci.

Da na yanke Talatu yadda zuciyata ta so, da yanzu kana da adireshi a Layi, gida mai lamba. Don haka kada ka yi saurin kiran mutum maci amana don ya sunkuya a inda kai ka tsaya. Ba ka san nauyin da ke kansa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zumunci kuwa a ƙafa yake, ka riƙa taka shi ko kana fushi. In ka samu hutu ka fara sauka a Layi ka gaishe ta kafin ka ƙaraso gida, ba zan ji haushi ba.

Kada ka ɗauka Malam Idi wani gwanin magana ne. In ya miƙe a majalisa har gumi yake yi. Abu ɗaya ya iya, duk ranar da aka ɗauko maganar tashinmu sai ya ce bai yarda ba, a rubuta bai yarda ba, kuma a zo a tambayi masu wurin. Ya yi ta faɗa har suka gaji da shi. Ana haka ruwa ya dawo, hatsin agaji ya daina zama sanda a kanmu, gwamnati ta canja, taraktar ta lalace a bakin titi kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Ba wanda ya zo ya ce mun yi nasara. Kawai dai ba a sake zuwa ba.

Ba kyauta muka samu ba, kada in yi maka ƙarya. Famfo bai zo mana ba har yau, kafaɗata ce shaida. Hukuma ba ta san da Sarkin Nomanmu ba, mu dai muna naɗa abinmu. Amma makarantar Layi mun tura ku, ɗakin shan magani muna zuwa, ni ma na je na koyi rubutun da kake karantawa. Ba gwamnati muka ƙi ba, ba kuma ci gaba muka ƙi ba. Mun ƙi a narkar da mu ne a zuba a wani mazubi, a ce sai mun daina zama mu kafin a ba mu ruwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɓata takarda har haka. Za a aike ka garuruwan mutane da igiyar awo. Za ka ga masu zama irin wanda ba ka saba gani ba, Fulani a ruga, ko masu gida a kan dutse, ko masu harshen da ba ka ji. Kafin ka kafa turke ka nemi tsohon wurin ka zauna a ƙasa, ka nemi matan wurin ma, don abin da za su rasa daban yake kuma ba a cika tambayar su ba. Abin da suka faɗa maka ka kai shi sama yadda suka faɗa, kada ka rage masa gishiri don shugabanka ya ji daɗi.

In kuma raɗe-raɗin nan ya tabbata, aka sa sunanka cikin masu zuwa Ɗorawar Jatau, kada ka ajiye aikinka saboda ni, kuma kada ka yi ƙaryar ciwo. Ka zo. Gara a samu wanda ya san mu a cikinsu. Amma ina so ka sani tun yanzu, don kada abin ya zo maka ba shiri: za ka tarar da mata zaune a kan hanya, kuma ni ce a gaba. Ba zan zage ka ba, ba zan taɓa kayan aikinka ba, ruwa ma zan sa a kawo muku. Amma ba zan tashi don kai ne ba. In shugabanka ya nuna ni ya ce wace ce waccan tsohuwar mai taurin kai, kada ka kalli ƙasa. Ka ce masa uwarka ce, kuma tana da gaskiya. Wannan kaɗai nake roƙo a wurinka, kuma na san ba ƙaramin abu na roƙa ba.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka shugabanni masu jin magana da abokan zama na gari. Ya tsare ka a tafiya da zama, ya tsare hannunka daga haƙƙin mutane, ya dawo mana da kai lafiya da mutuncinka. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Ladi